Kai gato biro: masu ci, masu ƙi, da masu magana a bayan ido

Ni dai ina cikin matan da basa iya gasa abu su cinye a gida su kaɗai. In nayi gato, wato kek, ya fito yadda nake so hankalina baya kwanciya sai wani ya ɗanɗana, kuma tunda rabin rayuwata a biro, wato ofis, take ƙarewa, daga 7:30 na safe har 3:30 na yamma, mutanen biro sune maƙwabtana na gaskiya, nafi ganinsu akan 'yan uwana na jini da muke gari ɗaya dasu nan Garwa. Shi yasa nake kai musu. Amma duk wadda ta taɓa ɗaukan kwano ta shiga dashi wajen aiki tasan abin baya tsayawa a "ungo" da "an gode", akwai masu ci su sa albarka, akwai masu kawar da kai, akwai kuma masu ci su koma gefe suyi magana. Nasan mata da yawa da suka daina kaiwa gaba ɗaya saboda kalma ɗaya da aka yaɓa musu, wannan kam yana min ciwo, don yawancin ƙorafin nan in mutum ya zauna ya saurare shi da kyau akwai yadda za'ayi dashi ba sai an rufe tukunya ba.

Biron namu kaman sauran birori ne a arewacin Kamaru, akwai Fulani, akwai mu Hausawa, akwai Fali da Mundang da Tupuri, ga 'yan kudu da aka turo daga Yawunde da Duwala da Bafusam. Aiki da Faransanci, hira da Fulatanci, in mu Hausawa mun haɗu mu juya harshe. Musulmi da Kirista tebur kusa da tebur. Kowa da abinda aka raine shi akai game da cin abin hannun mutane, abinda a gidanku ake kira kara da mutunci a wani gidan tun yaro yana ƙarami ake ja masa kunne akansa. Wannan ya kamata mace tasa a ranta tun kafin ta hura gawayi.

Bari in fara da yadda nake gasawa, don wasu na ɗauka sai mai babban furu, wato murhun gashi, na lantarki ke wannan harka. Wutar arewa yawancinta daga dam ɗin Lagdo take zuwa, wanda aka gama tun 1982 akan kogin Binuwai, kuma duk wanda ya zauna Garwa ko Marwa ko Ngaundere yasan in ruwa yayi ƙasa da rani yadda wutar lantarki ke zama, yanzu an kawo yanzu an ɗauke, gato kuwa in wuta ta ɗauke masa a tsakiya ya zauna kenan bazai sake tashi ba. Toh ni tukunya da yashi nake yi. Yashin bakin kogi mai laushi, in wanke shi in shanya ya bushe sarai, in zuba a tsohuwar tukunyar dalma kaurin yatsa uku, in ɗora akan gawayi in rufe kaman minti 15 har in nasa hannu a sama inji zafi na dukan tafin hannuna. Sai in jera murafan gwangwani uku akan yashin, akansu mazubin gato zai zauna, kar gindinsa ya taɓa yashi kai tsaye in ba haka ba ƙasa ya ƙone sama ɗanye. Murfin tukunyar ma ina ɗora masa garwashi kaɗan, shi ke ba saman gaton wannan jan mai kyau. Kuma dan Allah kar a buɗe kafin minti 25, nasan zuciya na ƙaiƙayi mutum yana son leƙawa, amma iskar da zata shiga ita ke sa tsakiya ya lotsa. Wajen minti 40 zuwa 45 sai in soka wuƙa siririya a tsakiya, in ta fito tas ya nuna.

Kwaɓin kuwa na yawur ne, wato yogot, wanda ko sikeli baya buƙata don kofin yawur ɗin shi ne ma'auni. Yawur kofi 1, sukari 2, fulawa 3, mai rabin kofi, ƙwai 3, lebur na gato, wato hodar da ke sa shi tashi, sashe (ƙaramin fakiti) 1. Ni sukarin nake ragewa zuwa ɗaya da rabi. In na samu kindirmo mai kyau wajen matan Fulani nafi son shi akan yawur na butik, ɗan tsaminsa yana taimakon lebur ya tashi kuma ƙamshinsa daban ne. Mai kuma Diamaor nake sawa, na 'ya'yan auduga da Sodecoton ke yi, bashi da wari mai ƙarfi. Ƙwai kowanne a kofi daban nake fasa shi kafin ya shiga kwano, zafin Garwa baya barin ƙwai ya daɗe, guda ɗaya ɓatacce ya isa ya jawo asarar kwaɓi duka. Kuma asara ce ta gaske, don alkamar da muke ci kusan duka daga waje ake shigo da ita, a watan Maris na 2022 bayan yaƙin Rasha da Yukren ya tashi buhun fulawa mai kilo 50 ya tashi daga sefa 19,000 zuwa 24,000, burodin 125 ya koma 150. Na faɗi wannan ne don masu ganin kaman gaton da aka kawo biro daga sama ya faɗo su san kuɗi ne da gumi da hayaƙi a ido.

Ƙorafi na farko daga Shef, shugaban bironmu, ya fito, kuma shi ne mafi sauƙi don a fuska ya faɗa min. Ya kirani yace "Madam, gatonki ba laifi, amma duba nan," ya ɗaga wani dosiye sai ga shatin maiƙo a gefen takarda, ga tururuwa sunyi layi daga taga har cikin durowa. Yace kuma in an buɗe kwano kowa ya bar teburinsa, mutanen da suka zo neman sa hannu tun safe suna zaune a benci suna kallonmu muna tauna. Wallahi gaskiya ya faɗa. Takardar da maiƙo ya ɓata ta wani bawan Allah ce da ƙila daga Pitowa ko Gidar ya hawo moto ya kawo ta, kuma ba daɗi mutum yana jira da yunwa ma'aikata na ciye-ciye a gabansa. Nace "Shef, ku bamu wuri da lokaci kawai." Muka tsaya akan barandar baya inda ake dafa shayi, lokacin hutun rana, ba abinda zai hau teburin aiki. Tun daga gida nake yanka shi ƙanana, in jera a kwano mai murfi, in haɗo da papiye na goge hannu, in an gama ni da kaina nake share wurin bana barwa mai shara, don ba aikinta bane kwashe ɓurɓushin kyautata. Shikenan maganar Shef ta mutu, yanzu shi da kansa yake leƙowa barandar.

Wanda ke da nauyi shi ne wanda ba'a faɗa a fuska. Akwai wata babbar ma'aikaciya, ta girme ni nesa ba kusa ba, Adda muke ce mata duka biro, bata taɓa sa gatona a baki ba. Kullum "na ƙoshi" ko "sai anjima". Ban damu ba sai ranar da wata ta kawo min cewa wai Adda tace ita bata cin abinda bata san me aka barbaɗa a ciki ba, wai yanzu mutane akan kujera da ƙarin girma ba abinda basa yi. Ranar kam abinci bai shiga cikina ba. Mace ta tashi tun kafin asuba ta hura wuta, ta zauna gaban garwashi da zafin nan, ace mata mai barbaɗe, akwai zagin da yafi wannan? Kuma nasan wannan ita ce kalmar da ta kori mata da yawa daga kai abinci wajen aiki, don ba yadda zakiyi ki wanke kanki, in kin rantse ace me yasa take rantsuwa, in kinyi shiru ace kun gani ko.

Da na huce sai na tuna yadda mu kanmu aka raine mu. Wace uwa ce a unguwarmu bata ce wa ɗanta kar ka ci abu a gidan wane ba? Labarin sammu da barbaɗe da mallaka da shi muka tashi, kowa nada labarin wani kawu da akace anci dashi a abinci ya bar aiki ya shiga duniya. Mutumin da ya shekara hamsin da wannan tsoron a ransa ba gato na bane zai cire masa shi rana ɗaya, kuma tsoronta ba dani ya fara ba, haka take da abincin kowa har na biki. Ni nayi imani ba abinda zai samu bawa sai abinda Allah ya rubuta masa, kuma Allah ya faɗa mana sashen zato zunubi ne, amma wannan tsakaninta da Ubangijinta ne. Abinda ke hannuna shi ne in toshe duk ƙofar da zato zai shigo. Shi yasa gatona kwano ɗaya ne na kowa da kowa, bana ware wa kowa nasa daban, bana miƙa wa mutum a hannu ince wannan naka ne, kowa ya zaɓi yankan da idonsa ya kwanta dashi. Ni nake fara ɗauka inci a gabansu, kuma ba daga gefe ɗaya kullum ba. Wanda ya wuce bai ɗauka ba bana binsa da ido balle da tambaya.

Adda kuwa naje na same ta ita kaɗai bayan an tashi, ban ambaci wadda ta kawo min magana ba don wannan wata wutar ce daban. Nace "Adda, naga bakya cin gato, wallahi ba komai, kar ki riƙa jin nauyina kina neman uzuri kullum, in kince a'a ya wadatar." Tayi shiru ta kalle ni, can tace "ƙanwata, ni haka nake, ko gidan 'yar uwata bana ci." Nace toh Allah ya bar zumunci. Har yau bata ci, kuma har yau in 'yarta zatayi baƙi ni take kira a waya in faɗa mata ma'auni, ta gasa da hannunta a gidanta. Ni hakan ya min. Manzon Allah (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in yana so yaci in baya so ya bari, an kawo masa naman damo ya janye hannunsa, Khalid bin Walid yaci a gabansa bai hana shi ba. Mai ƙin ci yana da inda ya dogara in dai bai aibata ba, abinda ba'a yarda dashi ba shi ne ƙazafi, shi kuma ina ganin maganinsa a je wa mutum kai tsaye cikin mutunci, ba a tara masa jama'a a baranda ba.

Wannan dokar ta kwano ɗaya ita ta raba ni da wani ƙorafin kuma, na neman fada. In mace ta naɗe gato a leda mai kyau ta shiga dashi ofishin Shef ta rufo ƙofa, ko da zuciya ɗaya tayi, ranar da sunanta ya fito a tafiyar aiki ta misiyo ko ƙarin girma sai ance gato ne yayi aiki. Shef in yana so ya fito baranda kaman kowa, kuma mai gadi da planto, wato masinja, da mai shara suna cikin lissafina tun a gida, da adadinsu nake yanka. Abin haushi ne a ga manya sun cinye, wanda aka aika ya sayo sukarin shayi ya dawo ya tarar da kwano wayam. Haka maza abokan aiki, bana ba kowa ya kai gida da sunan "ga naka", don matar gida in taga mijinta ya shigo da gaton wata mata daga biro tana da haƙƙin ranta ya sosu, nima da nice zanji. In wani yace yaransa na so sai ince ya turo min lambar madam, ni da ita muyi magana, sau da yawa ma daga nan ƙawance ke ƙulluwa.

Sai maganar halal. Wani malami cikinmu, mutum mai tsantseni, ya tsaya bakin baranda yace "Hajiya, wannan ƙamshin na mene ne? Naji ance ruwan ƙamshin gato da giya ake haɗa shi." Wasu suka fara cewa kai Malam ka cika bincike, ni kuwa naji daɗin tambayar, don gaskiya ne ruwan vanila na asali a cikin alkol ake jiƙa shi, akwai kuma ƙananan kwalabe na ƙamshin rom, wata irin giya, da ake sayarwa a butik, mutum in bai karanta jikin kwalba ba bazai sani ba. Nace "Malam, sukarin vanila na gari nake sawa, na sashe, wani lokaci kuma ɓawon lemun tsami nake gogawa ko citta da kanumfari." Washegari na kawo masa takardar sashen ya karanta da idonsa. Tambaya irin wannan ba raini bane, amsa kawai take so.

Amma abin yana da ɗaya gefen da mu Musulmi bamu cika son dubawa ba. Akwai wata 'yar kudu da muke aiki tare, bayan Nowel, wato Kirsimeti, ta kawo gato da ta yini tana yi, kusan duk Musulmin biro suka kawar da kai, ta mayar da fiye da rabi gida. Ta same ni tace cikin Faransanci, ku muna cin naku kullum da zuciya ɗaya, namu kuma kaman ƙazanta. Maganar ta shige ni sosai. Na faɗa mata gaskiya cewa mutane tsoron rom suke don sun san ana sawa a gaton biki, ba ita ake ƙyama ba. Tace ai da an tambaye ta, ita bata sa ba don tasan inda take aiki. Kinga inda rashin tambaya ya kai mu, an ɓata ran baiwar Allah a banza. Yanzu in ta kawo tana faɗin abinda ke ciki tun kafin ta buɗe, ni kuma nake fara miƙa hannu, don in ina son a yarda da hannuna dole in nuna na yarda da na wasu. Zo mu ci tuwo akace yafi tuwo daɗi, toh kiran bai kamata ya zama daga ɓangare ɗaya kullum ba.

Masu ciwon sukari kuma dan Allah a barsu su huta. Kalmar nan ta "ɗan kaɗan ba komai" tana cutar da mutane, fulawa fara da sukari suna ɗaga sukarin jini da sauri, kuma mutum ba dole bane ya tsaya gaban jama'a ya bayyana ciwonsa kafin a ƙyale shi. Muna da wani dattijo da likita ya hana, shi da bakinsa ya faɗa min ganin kwanon ma jaraba ne gare shi, shi yasa ajiye shi a barandar baya ya masa daɗi, baya gani balle ransa ya biya. Gyaɗa ma haka, mu nan kusan komai da ita muke ci har muna mantawa akwai wanda in ta shiga bakinsa leɓe da maƙogwaro ke kumbura, abin har lopital. Duk ranar da nasa gyaɗa ko man gyaɗa sai na faɗa da ƙarfi. Kirim kuwa bana sawa sam, a watan Maris da Afrilu zafin Garwa na wuce digiri 40, kafin moto ya kaini biro ya narke, kuma abin madara da ƙwai in ya wuni a zafi ba frigo ciwon ciki ne kawai. Da damina in aka fara maganar kwalara nakan ajiye buta da sabulu kusa da kwanon, ba mai jin haushi.

Ranaku ma ina dubawa. Litinin da Alhamis akwai masu azumin nafila da yawa, Juma'a kowa hankalinsa na masallaci, toh Talata ko Laraba nake kaiwa. Ramadan gaba ɗaya bana kai komai, bayan Sallah ne nake cika kwano da cincin da dubulan da alkaki, nan 'yan kudu ke cewa sallarmu tafi tasu daɗi. Lokacin Karem kuma, kwana 40 kafin Paska, wasu Katolika na barin kayan zaƙi, in sunce a'a nasan dalili.

Ƙorafin da yafi tsaya min a rai ba daga cikin biro ya fito ba, daga bakin ƙofa ne. Akwai wata tsohuwa da ke zama gindin dalbejiya gaban biro da kaskonta, makala, wato fanke, da wake da kunu take sayarwa, Dada kowa ke ce mata, mijinta ya rasu jikoki take riƙo. Wata rana zan fita Baba mai gadi ya tsayar dani yace "'yata, in faɗa miki wata magana bazaki ji haushi ba?" Nace "Baba ku faɗa mana." Yace "duk ranar da kika kawo abin nan naki Dada da ragowar makala take komawa gida, mutane in sun san akwai na kyauta basa sayen nata. Ita bazata faɗa miki ba, ni nake ganin tiren in zata tashi." Wannan magana ta fi ta Shef da ta Adda nauyi a wurina, don su ransu ne ko tsarin aikinsu, ita kuwa tuwon daren jikokinta ne. Ni gato sha'awa ce, albashina na zuwa ko na gasa ko ban gasa ba, ita in makala ya kwana ya zama asara, ga fulawa da mai duk sun yi tsada kaman yadda na faɗa.

Na je na tsuguna gabanta muka gaisa, nace "Dada, ashe ina taɓa muku kasuwa." Tayi dariya tace "a'a 'yata, arziki na Allah ne," irin maganar manya da basa son a ga buƙatarsu. Abinda na tsara shi ne, cinikinta na safe ne, daga buɗe biro zuwa wajen 10 ta sayar da yawanci, toh ni bana faɗa wa kowa gobe akwai gato balle su ƙi karyawa suna jira, kuma bana buɗe kwano sai rana tayi. Na kuma rage yawan kaiwa, ya zama abin marmari ba abincin kullum ba. Sannan in akwai taro a biro, kaman shagalin 8 ga Maris na mata ko 1 ga Mayu na ma'aikata ko walimar wanda zai tafi ritaya, da ake cewa ni in ɗauki nauyin kayan ci duka, yanzu nakan ce gato nawa, makala da kunu a ba Dada kwangila a biya ta kuɗin hannu tun kafin ranar. Wasu sun so suyi gardama wai taron manya ba'a kawo makalan bakin titi, nace ai shi kuke ci kullum da safe kuna lashe yatsa, ranar taro ne zai zama abin kunya? Aka bata, kuma tiren ta ne ya fara ƙarewa.

Saura masu mayar da kyauta farilla. In sati ya wuce ban kawo ba sai kaji "Madam yau ina namu?", na farko da na biyu wasa ne ana dariya, amma akwai wanda da gaske yake jin an tauye masa haƙƙi, har wani ya taɓa cewa wancan karon sukari bai ji ba a gyara. Irin wannan murmushi nake masa ince Allah ya hore, bana kuma bari ya sa min rana. Akwai kuma masu cewa in yi musu na bikin suna ko na zagayowar haihuwar yaro, "ai ke ba wuya wajenki". Nan kam na raba abin gida biyu sarai. Na baranda kyauta ne, lokacin da naga dama, yadda naga dama. Na oda kuwa sana'a ce, ana min magana a waya bayan an tashi aiki, in lissafa fulawa da ƙwai da mai da gawayi da wahalata in faɗi kuɗi, a bada rabi kafin in fasa ƙwai ɗaya, a zo gida a karɓa. Bana karɓan kuɗi a biro bana kawo kayan oda biro, don ranar da aka fara ciniki akan teburin aiki Shef zai samu dalilin hana har na kyautan, kuma zai yi daidai. Wata ta ji farashi tace "haba, tsakaninmu?" nace mata tsakaninmu ne yasa kike cin na Laraba ba ko dala, wannan kuwa na mutum 40 kike so, ga lissafin ki duba da kanki. Ta duba ta turo rabin ta Orange Money da yamma.